Ɗaurin Aure a Bakin Tur'a

Ruqaya ta dafe gwiwar mijinta da hannu ɗaya, ta kama diddigensa da ɗayan, tana miƙar da ƙafar a hankali. Ta shafe ta da man riɗi tun da hantsi, amma naman ƙafar yana nan a ɗaure kamar jiƙaƙƙiyar igiya.

"Saki jikinka mana, Baban Sara," ta ce.

"Ni na saki. Ita ce ta ƙi."

Haka mijin nata, Bilyaminu, ya taso. Likitoci sun ce wahalar haihuwa ce ta shafi sashen ƙwaƙwalwarsa mai sarrafa motsi. Kansa garau, bakinsa garau, sai dai a kan yatsu yake takawa, gwiwoyinsa suna gogar juna. Da ƙuruciya sanda ɗaya ta ishe shi, har kasuwar Wad Haddad yakan je. Da ya haura talatin ƙafafun suka ƙara tauri, ƙugu ya fara ciwo, sanda ta zama biyu. Sanyi yana ɗaure su, gajiya ma haka, amma ba abin da ke ɗaure su kamar faɗuwar gaba.

Ga shi yau za a ɗaura auren ƙanwarsa Samira. Mahaifinsu ya rasu, baffansu kuma yaƙi ya tsare shi a wani gari, don haka Bilyaminu ne waliyyi.

"Maƙwabcinmu ya ce zai kawo amalanke," in ji Ruqaya.

"A kai waliyyi masallaci kamar buhun dawa? Da ƙafata zan je."

Samira ta leƙo daga ɗaki, hannuwanta a ware don kada lalle ya goge. "Yaya, ni dai da bakinka nake so ka bayar da ni. Ko ta yaya ka isa, duk ɗaya ne."

Ya sa farar jallabiya, ya fita da wuri. Masallacin yana ƙetaren tur'a, magudanar ruwan da ke shayar da gonakin auduga, gadar kuwa katakai ne da aka jera. Ya sha haye ta. Amma da ya iso bakinta ya hango jama'a sun cika harabar masallaci, wasu har sun juyo suna dubansa, sai zuciyarsa ta fara bugawa. Ƙafar dama ta sandare, diddigen ya ɗaga yana karkarwa. Ya matsa mata, ta ƙara ƙagewa. Da kyar ya ja jiki zuwa gindin wani dogon yaro ya zauna, gumi yana bin wuyansa.

Yana nan zaune, kansa a sunkuye, sai ga Malam Abdussalami, mahaifin ango, ya hayo gadar yana tattare da gefen rigarsa.

"Baba, ku yi haƙuri," Bilyaminu ya ce, bai ɗago ba. "Ku gaya wa liman na wakilta shi, ya bayar a madadina."

Tsohon ya dubi ƙafar da ke rawa, ya dubi inuwar bishiyar. "Ɗana, a cikin masallacin nan zafi kamar me. Kai ka fi mu iya zaɓen wuri."

Ya juya ya ɗaga hannu. Ba a jima ba mutane suka fara hayowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da tabarma a hammata, liman a gaba. Aka shimfiɗa a bakin ruwa. Da aka zo wajen tambayar waliyyi, Bilyaminu ya gyara murya ya ce, "Na bayar," har na can baya suka ji. Aka shafa fatiha, aka raba dabino.

Yana cikin tauna dabinonsa suna hira da ango, sai ya ji diddigensa ya sauka ya taɓa ƙasa. Ya motsa ƙafar, ta bi shi. Da aka kira sallar la'asar ya jawo sandunansa ya miƙe.

Malam Abdussalami ya yi dariya. "Ashe ƙafar nan taka so take surukai su zo su gaishe ta tukuna."

Bilyaminu ma ya dara, ya ɗora sanda a kan katakon farko. Jama'a suka biyo bayansa suna rage sauri, ba wanda ya wuce shi har suka haye.