Saura Ɗaya

Yaran aji biyu ne suka raɗa mata Saura Ɗaya, domin duk lissafin ɗebewa da aka ba ta sai amsarta ta gaza da ɗaya. Goma a ɗebe uku, ta rubuta shida. Goma a ɗebe shida, ta rubuta uku. Sabuwar zuwa ce, tana zama a bencin ƙarshe kusa da taga, hannayenta kullum a ƙarƙashin tebur. Hedimasta ya riga ya gaya mini idan ta faɗi jarrabawar ƙarshen zango zai mayar da ita aji ɗaya, wai gara a koma tushe da a yi ta gini kan yashi.

Ni na koya musu yadda ake yi. A ɗaga hannu biyu, goma ke nan, a lanƙwashe abin da za a ɗebe, a ƙirga sauran. Kowa ya iya, ban da ita.

Mijin yayata yana da shagon lemo, sai na roƙi a riƙa tara mini marafan kwalba. Yaya ta miƙo mini su a leda tana dariya, ta ce ashe digirin da aka sha wahala a kansa na tsintar bola ne. Na wanke su, na huda kowanne da ƙusa, na zura goma-goma a waya.

Da na raba wa yara, ajin ya cika da ƙarar kacau-kacau. Na tsaya a kanta na ce ta ture uku gefe. Ta daɗe kafin ta fito da hannun dama kaɗai, ta ture, ta ƙirga. Bakwai. Ta sake ƙirgawa, sannan ta sunkuya tana duba ƙarƙashin tebur. Ni ma na leƙa. Hannunta na hagu yatsu huɗu ne, ƙaramin babu shi, sai tabo da ya daɗe da warkewa.

“Malama,” ta ce a hankali, “to wanne ne ke ƙarya?”

Na ce babu mai ƙarya, ni ce na ce hannu biyu goma ne ban duba nata ba.

Daga ranar wayar marafan ta zama abokiyarta, ko hutun tara aka tashi tana rataye a wuyan hannunta. Amsoshinta suka daidaita. Amma da na je wurin hedimasta neman a bar ta ta shiga jarrabawa da wayar, ya ce ba a shiga jarrabawa da tarkace, in ya bar ta gobe wani zai shigo da buhun tsakuwa. Ya ƙara da cewa yatsu dai Allah ya ba kowa. Na buɗe baki, na tuna yadda take ɓoye hannun, na rufe.

Sai muka koma zama bayan an tashi. Na ciro marfi ɗaya daga wayar, na sa ta shimfiɗa hannayenta a kan tebur, na ajiye shi a gurbin yatsan. Ta ƙirga har da shi. Da ta saba, na ɗauke marfin na ce wurin ma a ƙirga shi, ai nasa ne. Ta taɓa katakon tebur da ɗan yatsa ta ce goma, kamar mai jin kunyar baƙo.

Ranar jarrabawa ina tsaye a bakin ƙofa. Ta waiga hagu da dama, sannan ta ɗora hannu biyu a kan tebur. Yarinyar da ke gefenta ta zuba wa hannun ido, ta zunguri ta gabanta. Ita ba ta janye ba. Ta lanƙwashe yatsu, ta ƙirga, ta taɓa katako, ta rubuta.

Ta ci. Hedimasta ya duba takardar ya ce ai dama ya san yarinyar za ta yi, ta zauna a ajinta. Sunan dai bai bar ta ba, har yanzu Saura Ɗaya suke kiranta, sai dai yanzu idan an kira takan ɗaga hannun hagu ta amsa.