Mabuɗin Ɗakin Damisa

Gwadabe na cikin wanke wa bareyi kwatarnin ruwa, ƙamshin hayaƙin nan ya sake dukan hancinsa. Ya ja tsaki, ya yi jifa da soson. Tsohon nan ya fara ke nan.

Shekara goma sha huɗu yana kula da dabbobin Abdulghani, kafilinsa, wato maigidan da ya tsaya masa a takardun zama, a wani katafaren gida a Abhur, can ƙasar Larabawa. Bareyi, jiminai, har wani biri mai cizo, duk a hannunsa suke, don shi ɗan mafarauta ne gaba da baya. Sai ga shi bara an kawo wata damisa fara-fara mai kaurin wutsiya, wai daga duwatsun ƙanƙara aka sato ta. Aka gina mata ɗaki mai na'urar sanyi uku. Gwadabe ya shiga da ƙarfinsa, ya kwarara mata kirari irin na gida, ya zare mata ido. Kwana shida ko loma ba ta ci ba. Daga nan aka nemo Abdulghaffar, wani tsoho mutumin duwatsun arewacin Pakistan, aka damƙa masa mabuɗi.

To, abin haushin, sai ta ci! Tsohon zai tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya turara wani busasshen ganye na garinsu, ya yi sallama, ya zauna ya juya mata baya. Ya ce a wurinsu dabbar nan tana da masu ita a kan dutse, ba a kashe ta, ba a shigar mata sai da izini. Yanzu in baƙi sun zo kallo, shi ake kira. Gwadabe kuwa ya koma mai kwasar kashin jimina. Wallahi abin na cin sa, ko dariyar tsohon ba ya son ji. Ga shi ana ta raɗe-raɗin mutum ɗaya za a bari a wurin dabbobi.

Da ya hango Abdulghani zai shiga mota, ya goge hannu a wando ya tare shi.

"Ya ammi, maigida, akwai magana. Tsohon nan sihiri yake yi maka a gida. Turare yake, yana kiran aljanu."

Fuskar Abdulghani ta sauya nan take. A ƙasar nan ba a wasa da wannan kalma.

"Ka gani da idonka?"

"Kullum nake gani."

"Halas, magana ta ƙare. Ya tattara kayansa kafin la'asar. Kai ka karɓi mabuɗin." Ya shiga mota, ya sauke gilashi. "Amma ka ji ni da kyau. Ranar da ta mutu, ranar zan soke iƙamarka, ka bar ƙasar nan."

Bayan azahar Gwadabe ya tarar da Abdulghaffar a ƙofar ɗakin damisar, jakarsa a ƙasa. Gwadabe ya shirya wa shan zagi, amma tsohon sai ya miƙo mabuɗin, ya shiga yi masa bayani da gurguwar Larabcinsa.

"Ka rage mata haske. Kada ka kalle ta cikin ido. In ta yi kuka ka yi shiru, kewa ce." Ya ɗan nisa. "Wata takwas ina roƙon maigida ya miƙa ta ga masu kula da irinta a ƙasar sanyi. Saura kaɗan ya yarda."

Gwadabe ya kawar da kai.

"Ya akhi, ɗan'uwana, in tambaye ka. A garinku mafarauci yana shiga daji bai gai da masu dajin ba?"

Baban Gwadabe bai taɓa ɗana kibiya ba sai ya durƙusa a gindin tsamiya ya nemi izini, shi ma haka aka koya masa. Tsohon bai jira amsa ba, ya saɓi jakarsa ya nufi ƙofar gida.

Gwadabe ya sa mabuɗi. Jin motsi, damisar ta taso da sauri har bakin ƙarfe, wutsiyarta a sama. Ta shinshina iska sau ɗaya. Sai ta leƙa ta bayan kafaɗarsa, tana duban hanya.