Makullin Motar Ƙanƙara

Ni da Ilpo Rautiola mun fi shekara goma muna tsaron baya tare a ƙungiyar hokin ƙanƙara ta garinmu, lokacin tana cikin manyan ƙungiyoyin Finland kuma ana biyanmu don mu karya ƙashi. 'Yan kallo Garu suke ce masa, domin in an ɗaga sanda za a narko faifan robar da ake wasan da shi, kowa kare fuska yake, shi kuwa Ilpo kwanciya yake a gaba. Haƙoransa na gaba tun yana saurayi suka yi masa sallama. Sau nawa kansa ya gamu da katakon gefen fili kuwa, ba wanda ya damu ya ƙirga.

A zamaninmu in an maka mutum da katako ya tashi yana layi, likita kan zo benci ya tambaye shi yau wace rana, da wa ake wasa, nawa da nawa ake. Abokin tsaronka yana gefe, ya sunkuya kamar mai ɗaure igiyar takalmi, yana raɗa maka amsa. Ka faɗa, a shaƙa maka abu mai wari, ka koma fili. Haka aka yi mini, haka na yi wa Ilpo, kuma duk mai cewa mugunta ce bai taɓa zama a bencin nan ba.

Da ƙafa ta ƙi, Ilpo ya gwada koyar da yara, bakinsa ya yi nauyi. Ya sayar da tayar mota, ya rasa haƙurin ciniki. Da hukumar gari ta ba ni riƙon filin, sai na ɗora shi a kan motar da ke kankare ƙanƙara ta shimfiɗa mata ruwan zafi ta koma sumul. Nan ya samu natsuwa. Tsofaffin 'yan kallo kan tafa masa in ya fito a hutun wasa, ya ɗaga musu hannu ba tare da ya dube su ba.

Hunturun bara abin ya fara. Sai ya bar layi guda a tsakiyar fili bai goge ba. Wata rana ya manta famfon motar a buɗe har gareji ya zama tafki. Yarinyar da ke sayar da kofi kuma ya koma kiranta da sunan ƙanwarsa da ta daɗe a ƙasa. Ni na riƙa bin bayansa ina gyarawa, duk wanda ya yi magana in ce motar ce ta tsufa.

Ran nan matarsa Marketta ta shigo ofishina, ko hular sanyi ba ta cire ba.

"Kauko, ka ji hukuma ta ce sai likita ya duba shi kafin ya ci gaba da tuƙi?"

"Na ji."

"In suka raba shi da motar nan, a kicin zai zauna yana kallon bango. Da safe kaɗai yake sanin kansa, don ya san ƙanƙara na jiransa. Da yamma kuwa... shekaranjiya tambayata ya yi ina matarsa ta tafi."

Ba ta roƙe ni komai ba, ni ma ban yi alkawari ba. Amma na san aikina. Akwai maƙwabcina da ya kai uwarsa wurin likitan da zai duba Ilpo, na je na kwaso tambayoyin kaf.

Ranar Talata na ɗauke shi a mota, tun daga ƙofar gida muke bita: rana, wata, sunan shugaban ƙasa, kalmomi uku da za a ce ya riƙe.

"Da wa muke wasa?" in ji shi.

"Da likita, tsohon banza."

"Nawa da nawa?"

"Ana cinmu."

Ya tuntsire da dariya, dasashi a waje. Na daɗe ban ji dariyar nan ba.

Likitan yaro ne, ya ce ubansa kan ɗora shi a kafaɗa ya zo kallon Garu. Na ce Ilpo ba ya ji sosai, ya bar ni na zauna. Inda duk Ilpo ya kakare, sai igiyar takalmina ta kwance. Ban sani ba ko likitan ya gane ya kau da kai, ko bai gane ba. Ya dai ce a dawo baɗi. Muka tsaya a bakin kasuwa muka ci gasasshen makkara, tsiran alade irin namu, da mastad, raina fari ƙal, kamar mun ci wasa a gidan abokan gaba.

Asabar ɗin makon, da rana, 'yan mata ƙanana ke atisaye da kociyarsu Sirpa. Ina sama ina fama da na'urar ɗumama ɗaki sai na ji ƙarar inji. Na leƙa ta taga. Ƙofar gareji a buɗe, ga mota ta hau ƙanƙara, yara na tsakiya.

Mai tuƙin motar nan ba ya ganin abin da ke daf da gabansa, shi ya sa ba a fito da ita sai fili ya zama wayam. Ilpo ya fi kowa sanin haka. Sirpa tana busa usur tana ihu, yara suka watse, ɗaya ta zame ta faɗi, nauyin kayan jikinta ya hana ta tashi. Iyaye suna dukan gilashin gefen fili. Sirpa ta zabura ta hankaɗe yarinyar gefe, ita Sirpa ce ba ta samu fita ba. Taya ta bi ta kan ƙafarta. Har sama na ji ƙarar ƙashin.

Ilpo bai tsaya ba. Aka janye Sirpa, shi kuwa ya ci gaba da zagayensa layi bayan layi, ruwan zafi ya bi ta kan jinin ya shafe. Na shiga ƙanƙarar da takalmin ofis ina kiransa, na faɗi, na tashi, bai ko waiwayo ba. Sai da ya gama tsaf, ya ɗaga wa iyayen hannu, ya mai da mota gareji.

Bayan motar asibiti ta tafi na same shi a ɗakin canza kaya, zaune a kusurwarsa ta dā. Na so in yi masa tsawa, amma ban ga wanda zan yi wa ba.

"Ilpo, ba ni makulli."

Ya ɗago ya dubi furfurata da jaket ɗin ƙungiya da ke jikina, ya gyara zama.

"Koci, cire ni za ka yi?"

"Cire ka zan yi."

"Kaina lafiya lau. Tambaye ni ka ji. Yau Talata."

"Ba ni, Ilpo."

Ya zaro makullin daga aljihu, ya riƙe shi gam. Ya dubi ƙofa, sannan ya rage murya.

"To wa za ka haɗa da Kauko? Don Allah kada ka ba shi ɗan yaro. Gwiwarsa ta hagu ta mutu tun bara, ba ya iya juyawa ta nan, ya ɗauka ba wanda ya sani. Ni ke shigar masa. In ba na nan za a gane, a sallame shi, ga jaririya a gida."

Jaririyar nan, 'yata, yanzu tana da nata 'ya'yan. Gwiwar kuwa ko matata ban taɓa gaya wa ba, a zatona dabarata ce ta kai ni ƙarshen kwantiragi.

Ya sa mini makullin a tafin hannu, ya naɗe yatsuna a kai da hannunsa.

"Kada ka gaya masa na faɗa, koci. Yana da zuciya."

Na ce ba zan gaya masa ba.