Makarantar da Babu Dogo Ko Ɗaya

Almakashin Yaya na kan yadi, baki buɗe. Auta kawai ake jira ya faɗi adadi.

Shi ya jawo wa kansa. Tun da ya gama sakandare, aikinsa ɗaya ne a shagon ɗinkin yayarsa: sa maɓalli. Ya tsani maɓalli. Da wata makaranta ta ba su ɗinkin kayan ɗalibai, ta turo tsawon kowane yaro ta kwamfuta, sai ya hango mafita. Ya ce a bar masa, zai fitar da yawan ƙananan riguna, matsakaita da manya kafin dutsen guga ya yi zafi.

Yaya ta ce, "Na ji. Amma yadi in an yanka, an yanka. Ka ɓata min ko ƙyalle, kai da maɓalli har furfura."

Ya zauna gaban kwamfutar a lungu, kusa da tarin zare. Ya ƙara sabon layi a gefen tsawon yaran, ya kafa masa sharaɗi: wanda ya wuce santimita ɗari da ashirin, matsakaici, wanda ya wuce ɗari da hamsin, babba, saura ƙanana. Sannan ya juya teburin lissafin a kwamfutar, azuzuwa suka jeru ƙasa, girman riguna ya hau sama.

Ƙanana sun fito. Matsakaita sun fito, tuli guda. Manya babu. Ko gidansu bai bayyana ba.

"Manya nawa?" in ji Yaya.

"Babu."

"Babu? Har 'yan ajin ƙarshe? Waɗannan masu gemun?"

Mai guga, wanda kowa ke kira Dogo saboda sai ya sunkuya yake shiga shagon, ya tuntsire da dariya. "Ƙila ba sa cin abinci, Yaya."

Auta ya koma kan kwamfutar. Ya warware juyin, ya sake juyawa. Haka. Ya duba ko na'urar ta ɗauki lambobin a matsayin rubutu. A'a, lambobi ne sak. Ya kashe kwamfutar ya kunna, ya hure ƙurar madannai, duk da ya san ba ruwan ƙura.

Yaya ta tura gwangwanin maɓalli da ɗan yatsa. Ya taho a kan teburi, ƙirrr, ya tsaya dab da gwiwar hannunsa.

"Ba korar ka nake ba, ƙanena. Yana gaishe ka ne."

Auta ya kalli gwangwanin. Ya kalli Dogo. Ya miƙe ya ciro awo daga wuyan Yaya.

"Dogo, tsaya nan."

"Ni kuma me na yi?"

"Tsaya dai."

Sai da ya taka kujera kafin awon ya kai ƙeyar Dogo. Ya sauko, ya saka tsawon a jerin ɗalibai, ya sabunta. Na'ura ta ba da amsa: matsakaici.

Yaya ta yi dariya har ta ajiye almakashi. Dogo ya dafe ƙirji. "Ni? Duk ƙofofin da suka fasa min goshi?"

Auta kuwa ya ƙura wa sharaɗin ido, yana bin sa kamar shi ne na'urar. Tambayar farko: ka wuce ɗari da ashirin? Dogo ya wuce. To, matsakaici, tafi. Shi ke nan. Ba ta kai wa tambaya ta biyu. Duk wanda ya amsa ta farko, ta sallame shi. Manyan duka a ƙofar farko aka tare su.

Ya ɗauko sharaɗin manya ya mai da shi sama, na matsakaita ya koma ƙasansa. Ya sabunta. Gidan manya ya faɗo cikin tebur, cike. Ya cire Dogo daga cikin ɗalibai, ya tara gidajen uku, suka yi daidai da yawan yaran. Sannan ya karanta mata, aji bayan aji.

"Ka tabbata?"

"Yanka."

Almakashi ya shiga yadi, ƙaras, ƙaras. Ba ta ɗago kai ba ta miƙa hannun hagu, ta janye gwangwanin daga gabansa.

"To wa zai sa maɓalli?" in ji Dogo.

"Kai mana, Matsakaici," in ji Yaya.

Sunan bai sake barinsa ba.