Kwamfutar Da Ba A Goge Ba

Mai shagon ya ɗora kwamfuta ta uku a kan gilashin kanta, ya buɗe ta da yatsa ɗaya, ya juya fuskarta wajen Auta.

"Wannan fa, 'yan mata? Sabuwa fil, yau aka ciro ta daga kwali."

Auta ta sunkuya ta karanta ƙananan rubutun da ke manne a gefen madannai, ta dubi takardar da ke hannunta, ta girgiza kai. Takardar daga kwaleji ta zo. Duk wanda aka ɗauka a sashen zanen gine-gine sai ya zo da kwamfutarsa ranar Litinin, kuma ba kowace iri ba, an jera abin da dole ta ƙunsa.

"Ba za ta ɗauki manhajar zane ba, Baba. Ƙwaƙwalwarta ƙarama ce."

Mahaifinta mai walda ne. Yana tsaye ya goya hannuwansa a baya, don kada yatsunsa masu tabon wuta su ɓata wa mutane gilashi. Shago na shida ke nan tun safe. Wadda ta cika sharuɗɗan takarda ta fi ƙarfin aljihunsa, wadda aljihun zai iya kuma takarda ta ƙi ta.

"Ni duk ɗaya nake ganinsu," ya ce, yana ƙoƙarin yin dariya. "Faranti ne mai murfi."

Mai shagon bai yi dariya ba. Ya dube shi tun daga hula har takalmi, ya leƙa ƙofa, sannan ya durƙusa bayan kanta ya ɗauko wani abu naɗe da tawul.

"Ta hannu ce. Amma ta fi abin da aka rubuta muku a takardar nan."

Baƙa ce, siririya, kusurwa ɗaya ta lotsa kamar ta bugi ƙasa. Ba jaka, ba caja. Auta ta kunna ta, ta shiga nan ta fita can, numfashinta ya sauya. Da mai shagon ya faɗi kuɗinta, bai kai rabin na sauran ba.

Shekara talatin Mai Walda ya yi yana sayen ƙarfe. Ya san abin da ake nufi idan mutum ya kawo maka sabuwar ƙofa da sassafe a kuɗin gwangwan. Tambayar ta zo masa har bakin leɓe. Sai ya dubi Auta, wadda ita kaɗai ce cikin 'ya'yansa biyar ta wuce sakandare, ya ga yadda take shafa murfin kwamfutar da tafin hannu. Ya haɗiye tambayar.

"Na cire mata lambar sirri, sai dai ban samu na wanke ta ba," in ji mai shagon, yana haɗa musu da wata caja. "Tarkacen ciki ku goge da kanku."

* * *

Da la'asar, a gida, Mai Walda yana bakin famfo yana wanke fuska, sai ya ji muryar namiji a ɗakin Auta. Ya tura ƙofa da sabulu a kunne.

Tana zaune a bakin katifa, kwamfutar na kan cinyarta. A ciki bidiyon wani saurayi ne sanye da farar riga, tsaye a jikin bango, yana gwada yadda zai yi wa malamansa bayanin aikinsa na kammala karatu. Ya yi layi biyu ya kakare, ya sosa ƙeya. Daga bayan kyamara wata mace ta ce, "Ka daina sosa kai, sai ka ce mai ƙwarƙwata. Sake daga farko."

"Mama, ke ce fa kike sa ni dariya!"

"Kashe abin nan," in ji Mai Walda. "An ce ki goge, ba a ce ki yi kallo ba."

Auta ba ta kashe ba. Ta miƙo masa wayarta.

"Sunansa yana kan duk takardunsa. Na rubuta shi a waya don in ga ko wane ne."

Fuskar dai ita ce, har farar rigar. A ƙarƙashin hoton abokansa sun yi ta rubutu. Kwana tara da suka wuce, da rana tsaka, yana jiran mota a gindin gadar sama, wasu samari biyu suka kama jakarsa. Ya ƙi saki. Suka soke shi a wuya da wuƙa, suka haye babur. Mutane suna kallo. Kafin a kai shi asibiti ya cika.

Mai Walda ya karanta sau biyu, a hankali, yana motsa leɓe. Sabulun ya bushe a kunnensa. A cikin bidiyon, saurayin ya gyara wuyan riga, ya sake yin sallama daga farko.

"Baba, ka san ta sata ce?"

"Ban sani ba."

Ta ɗago ta dube shi. Bai iya haɗa ido da ita ba.

* * *

Washegari ya koma shagon shi kaɗai. Ya jira wasu mata biyu suka gama zaɓen waya suka fita, sannan ya ajiye kwamfutar a kan kanta ya faɗi abin da suka gani.

Mai shagon ya ci gaba da goge gilashi da tsumma.

"Ban san ta ba."

"Jiya ka sayar mini da ita!"

"Ina rasit?" Ya ninke tsumman. "Baba, kai babba ne, mu yi magana ta manya. Da na faɗa maka kuɗinta, ka tambaye ni inda ta fito? Ka ji kuɗin, ka yi shiru, ka biya. Duk layin nan haka ake yi. Da babu masu saye irinku, da yaran nan sun daina kawowa."

"Rai fa aka kashe."

"Ba ni na kashe ba. In kana son zuwa wajen 'yan sanda, ga hanya nan. Sai dai ka tuna a hannun wa take, kuma wa ya kwana da ita a ɗaki. 'Yar taka za su fara ɗauka. Ni zan ce ban taɓa ganinka ba, maƙwabtana kuma su shaida."

Mai Walda ya tuna wani mai faci a layinsu da ya sayi waya ta hannu, ya yi wata bakwai a tsare kafin a gane ba shi ya ƙwace ta ba. Ya fito ya tarar shagonsa ya zama na wani. Ya mayar da kwamfutar cikin jakar kayan aikinsa, ya fita ba sallama.

* * *

Auta ce ta rubuta masa adireshin gidan su saurayin a bayan takardar kwaleji. Ta samo shi a jikin wani fom da ke cikin kwamfutar.

"Ka kai wa mamarsa, Baba. Muryarsa na ciki. Ni ko ban fara karatun bana ba, na fara baɗi."

Ya hau mota biyu. Gidan ƙarami ne, mai koren ƙyaure da wani ya yi wa walda ba da kyau ba. An jera kujerun roba a ƙofar gida, har yanzu ana zuwa gaisuwa. Ya yi ta'aziyya kamar kowa, ya zauna, ya ajiye jakar tsakanin ƙafafunsa. Ba wanda ya tambaye shi ko shi wane ne.

Ta tagar da ke bayansa yana jin muryar mace tana amsa gaisuwa. Ya gane ta. Ta dushe, amma ita ce ta cikin bidiyon, muryar mamar yaron.

Yayan mamacin na zaune kusa da shi, idanunsa jajur, yana magana da wani abokinsa.

"An ce ana iya gano inda kwamfutar take idan aka kunna ta. Mun ba 'yan sanda lambarta. Wallahi duk wanda aka kama da ita a hannu, shi ne ya kashe mini ƙane. Ba ruwana ko saye ya yi ko tsinta. Kafin hukuma ta gan shi, ni zan fara ganinsa."

"Ka yi haƙuri," in ji abokin.

"Aikinsa na shekara huɗu yana ciki. Mama cewa take ko hotunan kawai a dawo mata da su."

Mai Walda ya dubi jakar da ke tsakanin ƙafafunsa. Ya sa hannu ya taɓa zif ɗin jakar. Kalmomin da ya shirya a mota suna nan: ni ma uba ne, saye na yi, ga ta. Ya dubi hannuwan yayan, ya ga yadda yake matse gorar ruwa har ta lanƙwashe. Ya tuna Auta ta kunna kwamfutar jiya a ɗakinta, ta daɗe a kanta.

Aka kawo masa ruwa, ya sha. Ya yi addu'a tare da jama'a, ya shafa. Sannan ya saɓa jakarsa ya miƙe.

"Mun gode, Baba," yayan ya ce, ya riƙe hannunsa da hannu biyu. "Allah ya ba da lada."

* * *

Bai yi wa Auta ƙarya ba. Ya faɗa mata duka, tana tsaye a tsakar gida da tsintsiya a hannu. Ba ta yi kuka ba. Da ta nemi a bar ta ta kwashe hotunan a filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake sokawa a kwamfuta, ta aika wa mamarsa ba suna, ya ce a'a, abin da aka aika ana iya bin sawunsa. Muryarsa ta yi tsauri fiye da yadda ya so.

Ranar Asabar suka je wajen wani mai gyara a can wata unguwa, inda ba a san su ba. Ɗan ƙaramin shago ne, cike da matattun kwamfutoci an jibge su har rufi, fanka na juyawa a kan kujera.

"Wankewa gaba ɗaya? Akwai abin da kuke so a ajiye?"

"Babu," in ji Mai Walda.

Mai gyaran ya danna nan da can, wani shuɗin layi ya fito ya fara tafiya a hankali daga hagu zuwa dama. Ya ɗauko abincinsa ya ci gaba da ci. Auta ta tsaya a bakin ƙofa ta ba su baya, tana kallon motoci. Mai Walda ne ya kalli layin har ya kai ƙarshe.

Kwamfutar ta mutu, ta sake tashi, fuskarta fes. Wani farin akwati ya bayyana a tsakiya.

"To, ta zama sabuwa," in ji mai gyaran, yana share hannu a wando. "'Yan mata, wane suna zan sa?"

Auta ba ta juyo ba. Mai gyaran ya jira, yatsunsa a kan madannai, ya dubi uban. Mai Walda ya matso kusa, ya gyara murya, ya fara faɗa masa sunan 'yarsa harafi bayan harafi.