Man Suyar Kawu Heizo

"Wannan ta gidan wa ce?"

Kawu Heizo ya ɗaga gorar man ya saita ta da hasken taga. Robar iskar da ke hancinsa ta zame gefe, amma idon nan tar yake.

"Ta gidan Hosoi ce," na ce.

"Ai na sani. Dubi gindinta. Ɓurɓushin gari, har da wutsiyar jatan lande. Shekara nawa ina gaya wa matar nan ta riƙa tacewa? Mayar mata."

"Kawu, kilomita huɗu ne fa."

"Mota ce za ta yi tafiyar, ba ke ba."

Na fizge gorar na jefa a kwali. Mutum yana da shekara tamanin da biyu, huhu ya ƙare, likita ya sallamo shi gida don ba abin da ya rage a yi masa, amma yana kwance yana binciken tsohon man suyar mutane. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa. Shekara talatin da takwas ke nan da aka kawo ni ƙauyen nan amarya, kuma ban tuna ranar da ya gaishe ni bai haɗa da gyara ba.

Duk fitinar a kan wani ɗan inji ce da ke bayan rumbun ƙungiyar manoma, wanda ke mayar da tsohon man suya ya koma man dizal. Kawu ne ya kafe wa ofishin gari sai da aka kawo shi, shekara ashirin da suka wuce. Tun daga lokacin akori-kurarsa ba ta sake shan man gidan mai ba. Haka taraktocin manoma bakwai, da motar da ke kai tsofaffi asibiti. Gidajen man da ke kusa ba sa sayar da irinsa, sai ka yi tafiyar awa biyu. To amma ƙauye ya tsufa. Yara sun tafi birni, mu da muka rage likita ya hana rabinmu soyayyen abu. Sai ofishin gari ya aiko takarda: in ba a tara lita dubu uku na shekarar ba zuwa ƙarfe biyar na ranar ƙarshe ta Maris, za a kwance injin.

Da ya kwanta a watan Fabrairu, na shiga kai masa miya, sai ya tura mini mukullin mota a kan faranti. Ban ce zan yi ba. Har yau ban taɓa cewa zan yi ba. Na dai tsinci kaina ina bin gida-gida da kwalaye da mazurari, ina roƙon mutane abin da suka soya kifi da shi, ni da nake da nawa aikin. Ƙwallon dankali nake soyawa ina kai wa kasuwar Lahadi, kuma wannan kaɗai ya ishi bayana.

Kullum da hantsi sai na je ba da rahoto.

"Saura nawa?"

"Lita sittin da ɗaya."

"Jiya ma sittin da huɗu ne. Yawo kike yi ko aiki?"

Wata rana mijina Masaji ya raka ni dubiya. Bara aka yi masa aikin zuciya, tun daga nan dafaffe kawai yake ci. Kawu ya dube shi sama da ƙasa.

"Masaji, yaushe rabonka da suyar tempura?"

"Likita ya hana, Kawu."

"Likita! Ni shekara talatin yana hana ni taba, ga ni."

"Ga ka a ina?" na ce. "Kawu, ka ƙyale mini miji. Ba zan zama bazawara don tarakta ta sha mai ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ni ce kuma mai riƙe masa kofi.

Da abin ya ishe ni, na yi dabara. Na sayo sabon mai lita biyar, na juye a tsohuwar jarka, na sa shi cikin sauran. Yana buɗe murfin ya kai hanci sau ɗaya.

"Wannan bai ga wuta ba."

"Mai dai mai ne, Kawu. Inji bai san bambanci ba."

"Ni na sani. Abincin mutane za ki ba mota? Abin da za a zubar muke ceto, Tomi, ba kanti muke yi wa ciniki ba. Ɗauke shi daga gabana."

Na fito ina huci. A ƙofa na shuri tayar motar, ni na ji zafi.

Ranar ashirin da takwas ga Maris na same shi ya yi fayau, muryar sai ka sunkuya. Ma'aikaciyar jinya na gefe tana ninke tawul.

"Saura nawa?"

"Ashirin da biyu. Kuma babu gidan da ban tatse ba. Matar Hosoi ta ce in ta sake ganina za ta saki kare."

"Ta tace?"

"Ta tace."

Ya lumshe ido. Na ɗauka barci ne, har na miƙe.

"Tomi. A jana'izata kar a sayo abincin kwali. A yi suya. Mutum tamanin za su zo, in ba su zo don ni ba za su zo don su tabbatar. Garwar mai biyu ta isa."

"Haba, Kawu, wace irin magana ce wannan!"

"Kwana uku ya rage. Ki gaya wa malamin haikali kar ya tsaya zaɓen rana."

"Sai ka tashi ka gaya masa da kanka," na ce, na fita.

Ita ce magana ta ƙarshe da na yi masa. Da azahar ina shanya, ma'aikaciyar ta leƙo ta kan katanga ta kira sunana a hankali. Na tsaya da rigar Masaji a hannu. Abin da ya fara zo mini ba kuka ba ne, haushi ne. Mutumin nan har mutuwarsa sai da ya saka ta cikin jadawalin tara mai, ya kuma bar mini aikin.

'Yarsa Chizuru ta iso daga birnin Osaka da yamma. Ita kaɗai gare shi, matarsa ta daɗe da rasuwa. Ma'aikaciyar banki ce, mai tsafta da ladabi, ba ta fi zuwa sau ɗaya a shekara ba, don ita ma ba ta tsira daga bakinsa ba. Ta so ta kira masu abincin kwali, na ce a'a, wasiyya ce. Ban yi mata dogon bayani ba. Idonta a kumbure yake, ga baƙi, ga masu shirya gawa, wa zai tsaya yi mata lissafin lita?

Aka sa jana'iza ranar talatin da ɗaya. A ƙauyenmu ba a hura wuta a gidan mamaci, maƙwabta ke girki, kuma ni ce mai manyan kasake. Tun safe mata shida muka cika kicin ɗina. Kabewa, dankali, yalo, saiwar bado, naman kaza, duk abin da ke shiga ƙullu ya shiga. Na buɗe garwa biyu na raba a kasko huɗu. Matar Hosoi tana juyawa tana mita.

"Ya mutu ma bai bar mu mun huta ba. Ni fa sau tara ya mayar mini da gora."

"Sau goma," na ce. "Ta ƙarshen ni na kawo miki."

"Ki tace da kyau, Tomi. Kar ya taso."

Muka yi dariya har ɗaya ta share ido da gefen riga. Na auna da ido: ko bayan abin da ƙullu ya sha, za a sami ashirin da bakwai. Ya isa har da rara. A raina na ce, tsohon nan ya ci nasara, ban kuma san ko murna nake ko takaici ba.

Ƙarfe biyu mutane suka dawo daga wurin ƙona gawa. Muka kwashe suyar ƙarshe da zafinta, muka kai zauren taron unguwa. Na kashe wuta, na bar man ya huce, in an gama ci in zo in tace. Mutum casa'in da ɗaya suka zo. Na yi ta zirga-zirga da faranti da shayi, har Masaji na kama da yankan kabewa a baki, na yi kamar ban gani ba.

Wajen ƙarfe huɗu saura na koma gida da mataci da jarkoki. Ina tura ƙofar kicin na ga Chizuru cikin baƙaƙen kayanta, ta naɗe hannun riga, tana goge murhu. Ta wanke komai, ta jera. Kasake huɗu suna kan tebur, kowanne cike da wani abu fari, daskararre kamar kyandir.

"Goggo, ki yi haƙuri, na shigo ba izini," ta ce tana sunkuyawa. "Na ga wahalar ta yi miki yawa, na kasa zama. Na daskarar da man tun da zafinsa. Gobe sai a sa a shara kawai."

Jarkar ta faɗi daga hannuna.

"Kin yi me?"

"Na zuba hoda."

Hodar nan ce da ake sayarwa a kowane kanti. Ka barbaɗa a mai mai zafi, ya huce ya zama dunƙule, ka ɓamɓare ka jefa a shara, ba tata ba gora. Man da ya sha ta ya tashi daga aiki, injin ba ya karɓarsa.

"Chizuru! 'Yar Heizo ce ke kuwa? Kin san abin da kika yi? Ashirin da biyu ya rage! Don wannan man aka yi suyar, don shi ubanki ya..." Na buga tebur. "Wa ma ya ce ki shigo da wannan shegiyar hodar ƙauyen nan?"

Ta yi fari fat.

"Ban zo da ita ba, Goggo. A nan na gan ta, ƙarƙashin wurin wanke-wankenki. Kwali guda. Na ɗauka haka kike yi."

Na dubi ƙarƙashin wurin wanke-wanken.

Haka nake yi. Shekara goma sha ɗaya haka nake yi. Akwai ranar da Kawu ya ɗaga gorata a gaban matan unguwa ya ce ko miya ce na kawo masa. Tun daga ranar nake ba shi gora ɗaya a wata, tatacciya, don fita kunya. Sauran man kasuwar Lahadi kuwa hoda nake zuba masa, in naɗe a jarida, in tura can ƙasan jakar shara. Lita uku duk wata. Sai da mukulli ya dawo hannuna na daina, na manta kwalin yana nan. Abin da na zubar a shekarar tarin nan kaɗai ya fi abin da muke nema.

Masaji ya shigo, ya dubi kasake, ya dube mu. Ya gane.

"Kanti a buɗe yake," ya ce ƙasa-ƙasa. "A sayo sabo a zuba a jarka. Wa zai sani yanzu?"

Na duba agogo. Da saura awa guda, lokaci zai isa. Har na ɗauki jaka. Sai na ajiye. Na yi wa mutumin nan ƙarya shekara goma sha ɗaya yana raye, na kasa ƙara masa wata a ranar da aka ƙona shi. Na ji haushin kaina, na ji haushinsa da ya sa na kasa.

Na ɗauki kasko ɗaya na ɗora a bayan mota, na je rumbun. Ukai, mai kula da injin, yana nan da baƙar kwat ɗin jana'iza, ya zo ya buɗe yana jirana. Ya danna abin da yatsa.

"In aka narkar fa?" na ce.

"Zai sake daskarewa a cikin bututu, Tomi. Kin sani."

"Ashirin da biyu ne kawai. Cikin dubu uku!"

"Na roƙi ofishin gari jiya. Sun ce takarda takarda ce."

Muka tsaya. Ƙarfe biyar ta buga a lasifikar gari. Ya rubuta abin da ke akwai, ya rufe littafi, ya juya ya fuskanci injin ya sunkuya masa, ya daɗe bai ɗago ba. Ni ban sunkuya ba, kasko ne a hannuna.

Da na dawo na sami Chizuru zaune a dokin ƙofata, takalmanta a gefe. Ta fara ba da haƙuri, na ce ta bari, ba ita ba ce. Na gaya mata duka. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce babanta ya taɓa ce mata a waya, maƙwabciyarsa ba ta iya komai ba sai tuƙi da tsiwa, amma ita kaɗai zai iya ba mukulli. Na ce ai ko yabonsa sai da zagi. A nan ne kukan ya zo, mu biyu, a bakin ƙofa.

Washegari ranar shara ce. Masaji ya ɗaure jakunkuna, ya tambaye ni ko ya ɓamɓare kasaken. Na ce ya bari tukuna. Ya fita da sauran. Na zauna da shayina ya huce, kasake huɗu a jere a gabana, farare. A tsakiyar na ukun akwai ɗan yankan kabewa da ya kuɓuce mana, ya daskare a ciki, rabinsa a waje.