Kurkunun Dodo

Dodo ne kaɗai Kirista a Gangara. Ya tafi cin rani Damagaram, ya dawo da addinin ƴan mishan da kuma baki, bakin ma ya fi yawa. Ko ciwon kai ka yi, sai ya ce, "Ka roƙa da bangaskiya, ban da shakka, za ka warke."

Damina ta zauna, hatsi ya fito, ciyawa ta biyo shi, sai kurkunu ya ɓullo wa Dodo a idon sawu. Mai kurkunu ba ya noma, gonar da ba a nome ba kuwa yunwa ce, ga ƴaƴa cike da gida.

Kadi, tsohuwar maƙwabciyarsa, ta zo da tsinke. Haka ake yi: a naɗe kan tsutsar, kullum a murza kaɗan har ta fito duka.

"Kada ka ja, ɗan nan," in ji ta. "Kurkunu ba ya son gaggawa."

"Inna, na roƙa cikin sunan Yesu. Wanda ya roƙa ya kuma zauna murzar tsinke, ai shakka yake yi."

Da hantsi ya rufe ido, ya ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji, ya ce amin, ya fizge. Tsutsa ta tsinke a ciki. Kafin gari ya sake wayewa ƙafa ta zama turmi.

Mun yi dariya har da riƙe ciki. Amma da wansa Manzo ya bi ta gonar ya ga ciyawa ta kai gwiwa, dariya ta ƙare. Hawwa, matar Dodo, ta ce mana yanzu a hankali yake addu'a, ba don kunnen kowa ba: "Ubangiji, ƙafar nan, ka yi yadda ka so da ita. Hatsin yara dai."

Manzo ya kira gayya. Muka ɗauki hauya muka nome gonar kaf, Kadi kuwa tana gasa ƙafar da ruwan zafi tana yi masa faɗa.

Da yamma muka shigo sharkaf da gumi. Dodo na kwance a tabarma, hawaye cike da ido, har ya ba ni tausayi.

"Ka gani, Yaya? An amsa mini."

Manzo ya dafe ƙugu. "An amsa. Amma gobe in za ka roƙa, ka fara tambayata ko bayana ya warke."